Mutumin da Ya Shige Cikin Gangarsa

Shekarar da Umma ta rasu ita ce shekarar da muka bar Kano. Ban cika shekara goma ba a lokacin, ƙanena Habu kuwa bai daɗe da fara famfara ba. Baba ya ɗauko mu a bas zuwa Kazaure, daga nan muka hau babura zuwa ƙauyensu da ke gindin duwatsu ta hanyar Roni. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba: akwatin Umma, tabarmi, 'yan tukwane, sai wani buhu mai nauyi da Baba ya hana kowa taɓawa.

Baba mai ɗaukar hoto ne. Yana da ɗan shagonsa, ana kiran sa biki da suna, muna cin abinci sau uku. Sai son shirya fim ya shige shi. Ya sayar da shagon, ya sayar da babur ɗinsa, ya tara samari da 'yan mata ya shirya fim na soyayya wanda ya yi imani duk ƙasar Hausa za ta kalla. Umma ce take dafa wa 'yan wasan abinci a babbar tukunya. Da fim ya fito, ba wanda ya saya. 'Yan kasuwa suka dawo masa da fayafayansa kamar yadda ya kai musu. Ana cikin haka Umma ta kwanta ciwo, ba ta kuma tashi ba. Abin da ke cikin buhun nan ke nan, fayafayan fim ɗin Baba.

Kakarmu, wadda kowa ke kira Dada, Bafulatana ce doguwa siririya, Hausarta tana ɗan karkacewa in ta yi sauri. Baba ne ɗanta na fari, saboda haka tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama a tabarmar da yake. Ranar da muka iso ta rungume ni da Habu ta yi kukan Umma har mayafinta ya jiƙe. Shi kuwa ba ta ko dube shi ba. Bango ta kalla ta ce, "A gaya wa mutanen Kano an share ɗakin kudu."

Baba ya shiga ɗakin kudu, ya sauke labule. Salla kaɗai ke fito da shi. Ni nake kai masa tuwo, ni nake ɗauko kwanon, sau da yawa loma biyu aka yi a ciki. In na ce, "Baba, sannu," sai ya ce, "Yauwa, Bilki," idonsa na kan rufin ɗaki.

Damina ce, sauro ya yi yawa. Da an idar da sallar isha'i Dada takan hura wuta a tsakar gida kusa da turken awaki, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya hayaƙi ya tashi. Sai ta jera masara a gefen garwashi, mu kewaye ta, ni da Habu da yaran maƙwabta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Takan karkata kai kamar mai sauraron sallama, ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta sha ruwa." In ta gama sai ta ce, "Baƙuwa ta ɗau sandarta, kowa ya nemi tabarmarsa." Ta iya muryar kura, ta iya ta maƙetacin sarki, kuma in Habu ya fara gyangyaɗi takan dungure shi ta ce, "Kai mijin nawa, barci za ka yi ka bar ni da dodo?" A wurin wutar nan na fara yin dariya bayan rasuwar Umma. Na tuna har na ji kunya, na waiga ɗakin kudu.

Da gero ya fara nuna, tsuntsaye jan-baki suka sauko wa gonar Dada. Ni da Habu muka wuni muna kaɗa gwangwani har muryarmu ta dushe, tsuntsayen ko a jikinsu. Wata safiya, Baba na masallaci, Dada ta shiga ɗakin kudu ta jawo buhun nan zuwa tsakar gida. Ta zaro faifai ɗaya, ta juya shi a rana, hasken ya doki idon akuya ta zabura.

"Ashe dai abin yana da amfani," in ji ta. "Bilki, ɗauko mini zare."

Kafin azahar gonar Dada ta cika da fayafayai suna lilo a jikin igiya, suna walƙiya ta ko'ina. Tsuntsaye suka zo suka yi shawagi suka juya. Ni dai ina ta jiran Baba ya yi faɗa. Ya dawo, ya ga buhunsa a buɗe, ya tsaya kaɗan, ya shige ɗaki. Da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

A daren ne Dada ta kawo tatsuniyar da ban taɓa ji ba. Na lura ta matsar da wutar kusa da ɗakin kudu, ta kuma ɗaga murya fiye da kullum.

Wai an yi wani makaɗi sunansa Jatau. Yana da 'yar gangarsa ƙarama, yana kaɗa wa manoma a gayya, kowa na son sa. Sai ya tafi birni, ya ce shi zai sassaƙa gangar da in ya buga za a ji ta har bakin teku. Ya sayar da jakinsa, ya sayar da garmarsa, har hular kansa ya sayar. Ya sare wata ƙatuwar kuka, ko da yake kowa ya san ba a sassaƙa ganga da itacen kuka, ya rufe bakinta da fatar bijimi. Ranar kasuwa aka mirgino ta, jama'a suka taru, Jatau ya ɗaga gula ya maka.

"Kun san me ta ce?" Dada ta tambaye mu.

"A'a!"

"Ta ce fus. Kamar tsohuwar tunkiya ta yi atishawa."

Muka kwashe da dariya, Habu har da birgima. Dada ta jira muka gama. Ta ce haka mutanen kasuwa suka yi, suka yi ta dariya har wasu suka riƙe ciki. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, matar Jatau. Ita sai ta ɗaura gyalenta a ƙugu, ta shiga fili, ta yi ta rawa tana kewaya gangar kamar kiɗan duniya ake yi mata. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi ranta. Jatau ya mirgino gangarsa tun daga birni har ƙofar gidan uwarsa, ya tsaga fatar, ya shige ciki.

"Sai me, Dada?"

"Sai ya zauna."

"Sai kuma me?"

"Yana nan zaune. In ya motsa zan gaya muku. Baƙuwa ta ɗau sandarta."

Muka yi ta magiya, ta ƙi. Daga ɗakin kudu na ji gadon kara ya yi ƙara, kamar an juya.

Gonar da ke jikin ta Dada ta wata mata ce mai suna Saude. Mijinta direba ne, ya rasu shekaru da suka wuce, ita take noma abinta tana kuma yin daddawa. Tun kafin ka ga gidanta hancinka zai gaya maka ka iso. Mace ce mai babbar murya, in ta yi dariya a bakin rijiya ana ji a masallaci. Da tsuntsayen da muka kora suka koma gonarta, sai ga ta ta zo roƙon fayafayai.

"Ba nawa ba ne," in ji Dada. "Mai su yana ɗaki."

Saude ta tsaya a bakin labule ta yi sallama, ta yi gaisuwar rashi, ta faɗi buƙatarta. Baba ya ce, "Ɗiba." Kalma ɗaya ke nan.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo, ta sake tsayawa a bakin labulen.

"Malam Isuhu, na kwance guda ɗaya na kai gidan yayata a Kazaure, mun saka mun kalla. To rana ta cinye shi, ya tsaya a tsakiya. Na zo a gaya mini ƙarshen."

Ta ƙara matsawa kusa da labulen ta ci gaba.

"Amma tsakani da Allah, wa ya ce da yaron nan ya iya waƙa? Ga shi ya rungume bishiya yana kukan soyayya, akuya na bayansa tana cin gefen rigarsa. Ku ba ku gan ta ba ne?"

Na ɗauka ba zai amsa ba. Sai na ji muryarsa daga ciki: "Mun gan ta. Rana ta kusa faɗuwa, ba halin sakewa."

Saude ta yi dariya har ta dafa bango. "Wallahi ita ta fi kowa iya wasa. Yayata sai da ta sa aka maimaita wurin." Ta share ido da gefen mayafi. Can kuma ta sassauta murya. "Akwai inda aka miƙo wa yarinyar kwanon kunu. Ba a nuna fuska ba, hannu kawai, da jan lalle da zoben azurfa. Mai hannun nan ta iya miƙa wa mutum abu. Wace ce?"

Labule bai motsa ba. Ni ina gefe ina wanke kwanoni, na ji bakina ya ce, "Ummanmu ce."

Saude ta juyo ta dube ni. Ba ta ce in yi haƙuri ba, yadda kowa ke cewa. Ta zauna a kan turmi kusa da ni, sannan ta ce, "Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta." Ta ajiye wa Dada curin daddawa ta tafi.

Daren nan Jatau ya motsa. Dada ta ce wata mata mai daddawa ce ta zo wucewa, ta ga ƙatuwar ganga a yashe, ta ce kai, ga wuri mai inuwa, bari in riƙa ajiye kayana a nan. Ta tura ƙwaryar daddawa ta tsagar fatar.

"Dada, Saude ce?" in ji Habu.

"Ni na ce Saude? Ita kaɗai ke daddawa a duniya? Rufe mini baki, mijin banza."

Wari ya cika ganga. Jatau ya daure, ya daure, har ya kasa, ya daka tsawa daga ciki: wace ce wannan marar tausayi? Mai daddawa ta ja da baya ta ce, au, ashe gangar tana da murya, to ai wannan ƙarar ta fi wadda aka ce ta yi a kasuwa. Daga ranar kullum sai ta zo ta ajiye ƙwaryarta, shi ya yi faɗa daga ciki, ita ta rama daga waje. Dada takan toshe hanci ta yi muryar Jatau, ta kama ƙugu ta yi ta mai daddawa. Dare bayan dare haka muka yi ta sha, labari ba ya gaba, faɗa kawai ake yi, mu kuwa ba mu ƙi a shekara ana yi ba. Yaran unguwa suka ƙaru. Na kuma lura labulen ɗakin kudu ya daina sauka har ƙasa.

Sai wani dare da aka yi yayyafi da yamma, yaran maƙwabta ba su zo ba, daga ni sai Habu. Na ce, "Dada, wai me ya sa Jatau ba zai fito ba ne? Ba ya gajiya?"

Ta juya masara ta ce, "Lalaci ne. Ya sami inuwa, tsohuwar uwarsa na turo masa tuwo. Ga kuma girman kai. Tsoro yake ya fito a sake yi masa dariya."

"Ba haka ba ne."

Daga ɗakin kudu maganar ta fito. Dada ba ta waiga ba. "Bilki, kin ji wata murya? Ko tunkiyar nan ce ta sake atishawa?"

Labule ya ɗaga. Baba ya fito ya tsaya inda hasken wuta ya ƙare. Sai a lokacin na ga yadda ya rame, rigarsa kamar a jikin sanda aka rataye ta. Ya jawo turmi ya zauna a bayanmu, ta yadda wuta ta shiga tsakaninsa da Dada. Mu ya kalla, ba ita ba.

"Kakarku ba ta san labarin daidai ba," in ji shi. "Ba dariya ce ta hana Jatau fitowa ba. Dariya ai an riga an yi. Ranar da matarsa ta kewaya gangar nan tana rawa, itacen ya riƙe takun ƙafarta. In ya kwanta a ciki ya manna kunne, yana jin ta. Tsoro yake in ya fito, hayaniyar duniya ta rufe takun, ya neme shi ya rasa."

Habu ya buɗe baki zai yi tambaya, na matse masa hannu.

"Kuma akwai wani abu," in ji Baba. "Tun ana sassaƙa gangar matar take cewa kanta na ciwo. Shi hankalinsa na kan ganga. Ita ce mai dafa wa masassaƙa abinci, ita ce mai ɗebo ruwa. Da ya ajiye gizago rana ɗaya ya dube ta da kyau, wataƙila da..."

Masara ta ƙone a wuta, ba wanda ya cire ta. Dada ta fuskanci garwashi. Da ta yi magana, ba ta yi muryar kowa ba, tata ce, ƙasa-ƙasa.

"Uwar Jatau tana bayan ganga, ta ji duk abin da ya ce. Ita ba ta iya yi masa magana ba, haka aka raine ta. Sai ta ce da wuta, ke wuta, gaya masa. Gaya masa ranar da Allah ya rubuta wa baiwarsa, da ganga da babu ganga, ba ta ƙara ko wuni. Yarinyar nan kuma ba dole aka yi mata ba, da ƙafarta ta shiga fili, don tana son mai gangar. Kada ya mayar da rawarta abin tuhuma."

Ta tura itace cikin wuta.

"Gaya masa ba shi ne farkon wanda ya dawo gidan nan hannu biyu ba. Kakansa da sanda kaɗai ya shigo garin nan, shekarar fari, shanunsa duk sun zube a hanya. Ya zauna a gindin dutsen can, mutane suka ce ya zautu. Shi ne ya haƙa rijiyar da ake sha yau. Ubansa kuwa ya kwashe amfanin gona ya bi ta Babura ya shiga Nijar, wai zai zama bafatake. Ya sayo raƙumi. Suna kusa da iyaka raƙumin ya kayar da shi a cikin ƙaya ya koma wurin mai shi. Da takalmi ɗaya ya shigo gida, ni na cire masa ƙayar." Ta ɗan tsaya, ta gane ta ce ni, ba ta gyara ba. "Har ya mutu in yara suka ga raƙumi sai su ce ga abokin Malam."

Baba ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba.

"Uwar Jatau ma ta binne 'ya'ya a bayansa. Ba ta sami gangar shiga ba, ga daka, ga tatsa. Ta ɗauka muryarsu za ta ɓace mata. Ba ta ɓace ba. Tana jin su a bakin rijiya, tana jin su in tana tankaɗe, har yau. Abin nan ba a cikin itace yake ba, yana bin mutum duk inda ya sa ƙafa." Sai ta nuna ni da tsinken da take juya masara. "Wai shi Jatau ba shi da 'ya ne? In takun nan yake son ji, ya fito da safe ya ga yadda yarinyar nan take tafiya in ta ɗauko ruwa. Ni da na ga uwarta sau kaɗan ma na gane."

Baba ya sunkuyar da kai ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Habu ya rarrafa ya hau cinyarsa. Ni ma na matsa na jingina da shi, rigarsa na warin ɗaki. Dada ta miƙe tana murza ido ta ce ganyen yau ɗanye ne ƙwarai, hayaƙinsa ya yi yawa, ta shige ɗakinta. A daren nan ba a sallami baƙuwa ba.

Da safe Baba ya ɗauki lauje ya bi mu gona. Ba zan ce ya warke a ranar ba. Akwai kwanakin da ya koma ya sauke labule, Dada kuma tuwo kawai take ba ni in kai. Amma kwanakin fita suka fi na shiga yawa. Saude na ganin sa a gona ta leƙo ta kan iyaka ta ce har yanzu tana jiran ƙarshen fim. Ya fara ba ta kaɗan-kaɗan, kullum guntu, ita kuma ba guntun da ba ta kushe ba.

"Yanzu saboda Allah, yarinyar ta bar mai shago ta bi wancan mai kukan bishiya? Da me zai ciyar da ita, da waƙar?"

"Ke ba ki san soyayya ba ne, Saude."

"Na san yunwa dai, Malam Isuhu."

Ana yankan gero suna musu, ana ɗaurin dami suna musu. Ranar da na ji Baba ya yi dariya da ƙarfi a gona, sai na ji raina ya ɓaci. Na so ya warke, amma ban so wata ce ta sa shi dariyar ba. Na fara ɗaure fuska in Saude ta shigo. Ta lura. Wata Juma'a ta same ni kaina a tsefe, Dada na fama da shi da hannunta mai rawa. Ta karɓi matsefi ta zaunar da ni a gabanta.

"Bilki, wane irin kitso Ummanki take yi miki? Nuna mini yadda take tsagawa, kada in ɓata mata."

Na nuna mata da yatsa. Ta yi, bai yi kyau kamar na Umma ba, ta kuma faɗa da bakinta cewa bai yi ba. Tana kitso tana tambaya ta Umma, me take so, me ke ba ta haushi, yaya take kiran Habu. Tun da muka zo garin ba wanda ya bar ni na yi maganar Umma haka, kowa kauda zancen yake don kada in yi kuka. Na yi kukan, na kuma yi maganar.

Bayan kakar shekara ta gaba aka ɗaura musu aure. Baba ya samo tsohuwar kyamara ya koma ɗaukar hoto, ranar kasuwar Roni da wuraren biki har Gwiwa, yana haɗawa da noma. Bai yi arziki ba, bai kuma sake shirya fim ba. Shi da Saude har yau musu suke yi, in ka ji gidan shiru to ɗayansu ba shi da lafiya.

Ina makarantar sakandare na taɓa tambayar Dada a wurin wa ta koyi tatsuniyar Jatau, don na tambayi tsofaffi da yawa ba wanda ya san ta. Ta ce, "Wa zai san ta? Kullum da yamma ina tuƙa tuwo nake tunanin abin da zan faɗa. Rabin dare ma ban san inda za ta ba, ina dai jira a karɓe ta daga bakina." Ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba bayan wannan hirar.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada mutum ya yi girman buri, ko kuma kada ya ɓuya in ya faɗi. Yanzu da nake aikin ungozoma a Babura, ina ganin mutane a ranar da suka fi kowace rana farin ciki da kuma ranar da ta fi kowace muni, na gane Dada ba wa'azi take yi ba. Ba ta taɓa ce da Baba ya daina baƙin ciki ba. Tana da ɗa a bayan labule yana narkewa, al'ada ta ɗaure mata harshe, sai ta nemo hanyar da zai faɗi abin da ke cin sa ba tare da ya ce ni ba. Ta tsokane shi da gangan, ta yi masa ƙazafin lalaci, don ta san mai baƙin ciki zai jure komai amma ba zai jure a faɗi labarinsa ba daidai ba. Ta kuma sa mu dariya a kan abin da ya fi ba shi kunya, har kunyar ta rage nauyi.

Ni ma na ɗanɗana tawa faɗuwar. Kafin in sami shiga makarantar ungozoma na zauna jarrabawa na faɗi, na sake zama na sake faɗuwa, alhali duk garinmu an san Bilki ta tafi karatun asibiti, har mata sun fara kawo mini 'ya'yansu in duba. Na maƙale a gidan ƙanwar Umma a Kano, na kashe waya, na ce ba zan iya haɗa ido da kowa ba. Na yi makonni a haka. Abin da ya tashe ni wata safiya shi ne tunanin cewa ni daga gidan da aka saba karɓar wanda ya dawo hannu biyu na fito. Za a tsokane ni, wannan tabbas ne, wataƙila har in tsufa. Amma za a zuba mini tuwo tukuna.

Na kunna waya na ce da Baba ina hanya. Na same shi a tashar Kazaure a kan babur ɗin aro, furfura ta fara cin gemunsa, ledar soyayyen kifi na rataye a hannun babur. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaure jakata a gaba, na hau baya.

"Saude ce ta ce in sayo kifi," in ji shi yana tayar da injin. "Ta kuma ce in kika fara kuka a hanya, kada in kuskura in ce ki yi shiru."

Ba mu fita daga gari ba na kifa fuskata a bayansa. Na yi ta yi, muna wuce gonaki, muna wuce shanu, rigarsa ta jiƙe har kafaɗa. Da duwatsun garinmu suka fara bayyana ban gama ba tukuna. Sai na ji ya rage gudu, ya rage, har masu keke suna wuce mu, domin hanyar ta ishe ni.